Kwalba Ta Bakwai

4 ga Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali, da ƙafar nan taka mai kumbura in ka daɗe a tsaye. Mama na gaishe ka. Ta ce in tuna maka cewa ko da a kakanni kuka haɗu, har yau ba ta da yayan da ya wuce ka. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar ramar karatu.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda rabonka da ita tun tana lashe maka cokalin madara. Na kira wayarka sau uku, kana ɗauka kana "waye, waye" sai ka kashe. Mama ta ce kunnen ne, in rubuta kawai.

Ina shekarar ƙarshe ta babban digiri, kuma bincikena a kan shayi ne da barci. Kada ka yi dariya tukuna. A cikin ganyen shayi akwai wani sinadari da ake kira kafeyin, shi ne mai hana ido rufuwa, kuma yakan yi awa biyar ko fiye rabinsa bai bar jiki ba. A cikin ganyen dai akwai wani kuma mai kwantar da hankali. Shi ya sa masu bincike suke ta karo da juna, wannan ya ce shayin yamma na ɓata barci, wancan ya ce bai ga haka ba. Da can tambayar mutane ake yi yadda suka kwana, kai kuwa ka san mutanenmu, wanda ya kwana yana juyi ma lafiya zai ce maka. Yanzu an koma ɗaura wa mutum wani ɗan agogo a hannu, shi yake faɗin gaskiya.

Roƙona shi ne ka samo mini mutum goma sha biyu cikin waɗanda ba sa fashin shayinka na yamma. Agogunan suna cikin akwatin nan, kowanne da lambarsa, tare da takardar da kowa zai sa hannu in ya yarda. Duk bayan mako uku ka ba direban bas ɗin da ya kawo maka, ya dawo mini da su in kwashe abin da suka tara. Ka riƙa jefa mini wasiƙa a ciki.

'Yarka.

19 ga Janairu

'Yar Cokali,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same mu lafiya. Ƙafa tana nan tana mulkinta, in na ba ta kujera sai ta yi shiru. Ki gaida mamarki, ki ce mata yayan da aka yi shekara tara ba a leƙo ba yana amsawa.

Ashe barci ma karanta shi ake yi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da tabarau, don in tabbata ba tsokanata kike yi ba. Shekara talatin da huɗu ke nan ina kan teburin nan a bakin layin masu gyaran mota, ban taɓa sanin akwai waɗanda ake ba ofis da fanka su zauna su gano ko shayi na hana barci ba. Da sun biyo ta nan da na rage musu hanya.

Agoguna sun shiga hannu duka. Tela ne ya so ya ba ni wahala, ya ce agogon da ba ya nuna lokaci, ko ma mene ne yake nunawa ba alheri ba ne. Sai da Nas ta asibitin bayanmu ta ɗaura nata a gabansa, ta ce masa matsoraci, sannan ya miƙo hannu yana gunaguni da sigari a baki.

Lamba bakwai na hannun Bakanike. Ko kin tuna shi? Shi ne mai ɗora ki a kan bonet ɗin mota yana cewa ke ce direba. Abokina ne tun kafin in sayi butata ta farko. Kullum in ya rufe gareji zai zauna a ƙarshen benci, ya sha kofi biyu baƙi wuluk ba madara, ya bi sauran da kallon raini. Da na karanta musu wasiƙarki cewa ya yi, "Rubuta wa yarinyar nan, ka ce akwai mutum ɗaya a duniya da shayi ke jin tsoronsa. Ina shan biyu in je in kwanta kamar an jefar da buhu." To na rubuta.

Amma abin nan ya tsaya mini a rai. Na kara agogon a kunnena mai ɗan dama-dama, ban ji komai ba. Ba ido gare shi ba, ba kunne. Matar mutum ma sai ta taɓa shi take sanin ko barci yake ko likimo. Ta yaya ɗan abu kamar murfin kwalba zai sani? Ki yi mini bayani yadda zan gane, don Tela ya dame ni da tambaya, ni kuma ba na son ya gane ban sani ba.

Kawunki, mai shayi.

14 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mama ta ce sharri kake mata, shekara takwas ce.

Ka gaya wa Tela agogon motsi yake ƙirgawa. Mai barci hannunsa kan lafa, wanda ido ya ƙi rufuwa kuwa yana ta juyi ko bai sani ba. In na haɗa shi da kwamfuta sai daren mutum gaba ɗaya ya fito a zane, inda ya yi motsi layi ya tashi, inda ya lafa layi ya kwanta. Ɗakin da nake aiki ba taga, kwamfuta uku ne da firji, amma ranar da na buɗe na mutanenka sai na ji kamar ina zaune a bencinka. Na ga wanda ke tashi sau biyu, na ga daren da Nas ta yi aiki. Sai da na ji nauyin abin, mutane sun ba ni amanar lokacin da su kansu ba su san abin da suke yi ba.

Kawu, abin da na gani ya ɗaure mini kai. Mutanenka suna shan shayi mai ƙarfi da yamma, amma kusan dukansu suna barcin da ya fi na waɗanda na karanta a yawancin bincike. Lamba bakwai kuwa ba a magana. Dattijo mai shekara sittin da bakwai, kofi biyu baƙi, sannan awa bakwai layinsa a kwance. Na kira Farfesa, wadda ke duba aikina, mace ce da ba ta yabon kowa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce, "In wannan ya tabbata, za ki tsaya gaban taron masana a watan Yuli." Ban iya cin abincin rana ba don murna. Ka ce wa Bakanike ya yi gaskiya, da alama shayi na tsoronsa.

Saura abu ɗaya. Ga ƙananan kwalabe goma sha biyu masu lamba. Ranar da za ka aiko da agoguna, ka ɗiba wa kowace kwalba kaɗan daga ainihin kofin da ka miƙa wa mai lambar, ba daga buta ba. Ƙa'ida ce kawai.

'Yarka.

2 ga Maris

'Yar Cokali,

Muna lafiya, da fatan kuna haka. Ga agoguna, ga kwalabe. Na ɗiba daga kofin kowa kamar yadda kika ce, ban sauya ko ɗaya ba, Allah shaida.

Bakanike tun da ya ji saƙonki ba a zaman lafiya a benci. Har yaran garejinsa ya tara ya sa na sake karantawa. Ya ce in za a kai hotonsa taron a gaya masa da wuri ya yi aski.

Ina da tambaya. Na'urar da za a zuba shayin nan, me take dubawa? Tsabta ce ko launi? In tsabta ce ban da fargaba, kofunana da ruwan zafi nake ɗauraye su. Ki dai sanar da ni.

Kawunki.

20 ga Maris

Kawu,

Da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun nan, a tsaye nake yi, direba na jira.

Na'urar kafeyin take aunawa, kuma abin da ta fitar ya rushe mini komai. Shayin buta ɗaya ya kamata ya zo kusan daidai, amma kwalaben nan kowace da nata. Ta Tela cike take. Wasu rabi, wasu kwata. Kwalba ta bakwai kuwa, wadda duk aikina ya dogara a kanta, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, ruwa ne mai launi. Ke nan ban san abin da mutanen nan suka sha ba, kuma duk abin da na rubuta ya zama shirme.

Farfesa ta ce duk wanda ya yi wannan, ko da gangan ko da sakaci, ya zubar mana da aikin wata uku, kuma ba za ta sake yarda da hannunsa ba. Ni ma raina a ɓace yake, ban taɓa zaton haka daga wanda na amince da shi ba. Ga agogunan, a ci gaba da ɗaurawa kafin in san abin yi.

'Yarka.

28 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mako biyar ke nan ba akwati, ba wasiƙa. Direba ya ce yana ganinka a teburinka, amma in ya tsaya sai ka ɗaga masa hannu ka juya kana wanke kofin da ya riga ya wanku. Mama ta ce ko ƙafar ce kake ɓoye mana. In ita ce ka faɗa, ka bar batun agogo, lafiyarka ta fi.

Nan abubuwa ba daɗi. Mutumin da ke kula da na'urar, wanda na ba kwalaben da hannuna, ya rantse bai haɗa su da wani abu ba. Ya sake aunawa sau uku, sakamako ɗaya. Duk da haka Farfesa ta cire shi daga aikin, ta mayar da shi wankin kwalabe. Dattijo ne mai shekara ashirin a ɗakin nan, yanzu in mun haɗu a baranda sai ya sunkuyar da kai. Na yi fushi da shi a wasiƙata ta baya, yanzu kuma tausayinsa nake ji, don ban ga abin da zai ƙaru da shi ba.

Don Allah ko layi biyu ne ka rubuto.

'Yarka.

9 ga Mayu

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa lafiya lau, kunya ce ta kwantar da ni. Da na karanta inda kika ce ba ki zaci haka daga wanda kika amince da shi ba, na ɗauka da ni kike, na ce shi ke nan yarinya ta gano ni, me kuma zan rubuta. Ashe wani bawan Allah ne can yake ɗauke da kayana. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki tashi ki je ki ba shi haƙuri, ki ce wa Farfesa na'urarsa ba ta yi ƙarya ba. Ni ne.

Buta biyu gare ni. Babbar tana kan wuta kowa na gani. Akwai ƙarama mai lotsattsen gefe a ƙarƙashin tebur, bayan buhun gawayi. Ganyen da na riga na dafa da safe, wanda ya ba da ƙarfinsa, shi nake sake tafasawa a cikinta. Sai in ƙona sukari a cokali har ya yi baƙi ya fara ɗaci, in zuba. In kin gani a kofi za ki rantse ya fi na babbar ƙarfi. Da yamma kowa da yadda nake haɗa masa, wani rabi da rabi, wani kashi ɗaya cikin uku, hannuna na ƙasa bakina na hira.

Ba rowar ganye ba ce, wannan nake so ki fara sani. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce matar Bakanike ta rasu. Barci ya ƙaurace masa. Da safe sai ya zo idanu jajur, ya sha mai ƙarfi don ya iya tsayuwa, da yamma ya ƙara don ba ya son komawa ɗakin. Wata huɗu ana haka. Ran nan ya shiga ƙarƙashin mota ya manta bai sa mata waigin tare taya ba, Allah ne ya tsare, da yanzu wani labarin ake. Na ce masa ya rage shayi, ya ce in na ƙara faɗa zai koma wani tebur. Kin san shi da girman kai. Sai na fara rage masa da kaina, cokali-cokali, har na yi wata biyu kafin in mayar da shi ƙaramar buta gaba ɗaya. Ran da ya zo mini da safe da shatin matashi a kumatu, sai da na zagaya bayan kanti na share hawaye.

Daga kansa na fara lura da sauran. Ni nake ba su na yamma, ni kuma nake fara ganin fuskarsu da safe, to me zai ɓoyu? Wanda bai yi barci ba da hannu biyu yake riƙe kofi, kuma sai an gaishe shi sau biyu. In na ga haka sai in rage masa da yamma in ga gobe. Tela ko guga ya sha ba abin da ke samunsa, shi ya sa nake ba shi na gaskiya. Nas da ba ruwanta, amma da ta samu ciki sai rabin kofi ya riƙa hana ta sakat, na mayar da ita ƙaramar buta har ta haihu, sannan na dawo da ita a hankali. Ban san dalili ba, na dai ga haka ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na'urar nan taku. Shekara goma sha ɗaya harshen Bakanike bai gane ba, shi da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, amma wani ƙarfe a garin da ban taɓa zuwa ba ya gane daga cokali biyu. Na kwana biyu ina jinjina abin.

Na ɓata miki aiki, ki yafe mini. Roƙona ɗaya ne, kada Bakanike ya ji. Alfaharin nan na kofi biyu shi ne kusan abin da ya rage masa, in kuma ya san na yi shekara goma sha ɗaya ina yi masa wayo, ban san da idon da zai dube ni ba.

Kawunki.

21 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Ni ce mai neman gafara, na rubuta magana cikin fushi ban faɗi da wa nake ba, na bar ka mako bakwai da ita. Mai kula da na'ura ya koma aikinsa. Farfesa da kanta ta je har wurin wankin kwalabe ta ba shi haƙuri, abin da aka ce ba a taɓa gani ba.

Na karanta mata wasiƙarka ina fassarawa. Da na zo kan Tela ta ce in tsaya, ta tambaya ko yana shan sigari. Na ce kai ka rubuta da sigari a bakinsa ya karɓi agogo. Da na zo kan Nas sai ta tashi tsaye. Kawu, abin da ka gani da ido, shi masu bincike suka tabbatar da gwajin jini: jikin mai shan sigari yana saurin fitar da kafeyin, na mai ciki kuma yana jinkiri ƙwarai. Kuma inda binciken ya dosa yanzu ke nan. An fara barin tambayar ko shayi na hana barci, an koma tambayar wane ne yake hanawa, nawa, kuma da wane lokaci. Mu muna neman hanyar auna wa kowa gwargwadon jikinsa, kai kana yi da lotsattsiyar buta tun ina sakandare.

Na jera kwalaben nan goma sha biyu kusa da zanen barcin masu su, na daɗe ina kallo. Kowa ka ba shi daidai abin da zai iya ɗauka ya kwana lafiya. Na yi shekara huɗu ina karanta takardun manyan masana, ban taɓa jin na ƙanƙanta a gaban ilimin wani kamar ranar ba. Kuma ina zaton ba butar kaɗai ba ce. Mutumin da ya san akwai mai duba fuskarsa kowace safiya, wannan ma wani abu ne, sai dai agogona ba ya auna shi.

Taron Yuli ya wuce ni, kuma ban damu ba kamar yadda na zata. Farfesa na son mu sake aikin daga tushe, a kan yadda kake yi, da sunanka a ciki.

Amma ga inda zan ɓata maka rai. Ba zan iya riƙe maka sirrin nan in ci gaba ba. Mutanen nan sun sa hannu a kan cewa shayi mai ƙarfi suke sha, kuma ƙa'idar aikinmu ita ce ba a bincike a kan mutum alhali an ɓoye masa abin da ake ba shi. In ba za a gaya musu ba, sai in tattara agogunan in rufe maganar, ba kuma zan ga laifinka ba. Ni dai ba zan gaya wa Bakanike da bakina ba, ba hurumina ba ne. Sai dai ka yi tunani, Kawu. Yana shirin aski don hoton abin da ba haka yake ba, kuma ni da kai muka sa shi.

'Yarka, 'Yar Cokali.

16 ga Yuni

'Yar Cokali,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ki gaida mamarki da Farfesa da mutumin na'ura, shi ki gaishe shi sau biyu.

Maganar askin nan ita ta hana ni sukuni. Na yi kwana goma ina ɗaga ƙaramar buta ina mayarwa. Ran Talata da yamma, benci ya cika, na ɗauko ta na dire a kan tebur gaban kowa, na faɗi komai. Tela ya yi dariya har sigari ya faɗi, don shi kaɗai ne ba a yi wa ba. Nas ta ce ita dama ta yi mamakin yadda cikin nan bai wahalar da ita da dare ba. Sauran suka yi ta surutu, wani na cewa a auna masa nasa a gani.

Bakanike kuwa ya dubi kofinsa, ya dubi butar, ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun bayan rasuwar. Ya ajiye kofin da sauran shayi a ciki, ya kwance agogonki ya ɗora kusa da shi, ya tafi.

Kwana huɗu ƙarshen bencin nan ba kowa. Tun da na kafa tebur bai taɓa fashin kwana biyu a jere ba, ko ranar da aka sallamo shi daga asibiti nan ya fara biyowa. Aka ce mini an gan shi a teburin da ke bakin tasha yana shan kofi uku. Ina zuba wa mutane shayi ina zubarwa a ƙasa. Na ce a raina na yi gaskiya na rasa aboki, kuma har na ɗan ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba.

Rana ta biyar, ana shirin rufe gareji, sai ga shi. Idanun nan jajur kamar na wancan lokacin. Ya zauna a wurinsa. Na rasa abin yi, na kama goge tebur. Can ya ce, "Kwana huɗu ban runtsa ba." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce, "Ba wannan na zo faɗa maka ba. Zauna."

Na zauna. Ya ce, "Ka san abin da ban taɓa gaya wa kowa ba? Da barci ya dawo mini bayan rasuwarta, kunya na ji. Mace ta yi shekara talatin tana jiran in dawo kafin ta kwanta, wata shida da binne ta ina minshari, ga shayi baƙi a cikina. Na ce ashe zuciyata dutse ce. Duk cika bakin nan da nake yi a bencinka, don kada in tsaya in yi tunanin abin ne." Ya murza hannunsa mai baƙin mai. Ya ce, "Kwana huɗun nan na sha na gaskiya, sai ga ta nan inda na bar ta, ba abin da ya ragu. Ashe ban manta da ita ba. Kai ne ka yi ta lallaɓa ni ina kwana."

Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina ganin na san komai game da barcin mutumin nan, ban san da wannan ba. Agogonki bai gani ba, idona ma bai gani ba.

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi agogonsa, ya ɗaura da kansa. Ya ce in gaya miki ki aiko da sabuwar takardar zai sa hannu, sauran ma duk sun yarda, amma maganar hoto a bar ta. Sannan ya tura mini kofi ya ce, "Zuba mini." Na tsaya da buta biyu a gabana, na ce wanne. Ya harare ni ya ce, "Nawa mana. Kuma ka ƙona sukarin sosai, jiya na bakin tasha ko ɗaci babu."

Da safe ya zo da shatin matashi a kumatu. Ƙaramar buta yanzu a kan tebur take zama, na daina sunkuyawa, ƙafata ma ta gode miki. Ki aiko da kwalaben. In kuma kin samu hutu ki zo da kanki, ki zauna a benci kwana biyu in ga fuskarki da safe, don rubutunki na kwanan nan na wadda ba ta barci ne.

Kawunki, mai shayi.